Me ya sa gidajen Lavenham suka karkace amma ba su faɗi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga hotunan wani ƙauye a Ingila mai suna Lavenham. Gidajensa na katako sun karkace kamar za su kife, kuma an ce wasu sun haura shekara 500. Da gangan aka gina su haka? Me ya hana su rushewa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba da gangan ba ne, malam. A miƙe aka gina su, itacen ne ya murɗe daga baya.

Lavenham yana yankin Suffolk, a gabashin Ingila. Ya samu izinin kafa kasuwa a 1257, sannan ya yi arziki da saƙar ulu, musamman wani shuɗin yadi mai kauri. Da ganyen da ake kira wod suke rina shi, kuma sinadarin shuɗin da ke cikin ganyen iri ɗaya ne da na baban marinarmu. A harajin 1524 garin ne na 14 wajen arziki a duk Ingila, har ya biya fiye da birnin York. Da kuɗin nan attajirai suka yi ta gini. Cocin garin, mai hasumiyar ƙafa 141, an kammala shi wajen 1525, babban zauren Corpus Christi, wata ƙungiyar addini ta attajiran garin, da ke bakin kasuwa kuma wajen 1529.

Kafintocin lokacin da ɗanyen itacen ok, wata bishiya mai ƙarfin katako a Turai, suke aiki, domin shi ke saruwa da fafuwa cikin sauƙi. In ya bushe, taurinsa na dakushe kayan aiki. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce, kowane inci ɗaya na kauri yana cin kamar shekara guda kafin ya bushe. Ke nan ginshiƙi mai kauri zai yi shekaru yana bushewa alhali rufi da bene suna kansa. Yana tsukewa ta faɗi, ba ta tsawo ba, ya tsage, ya murɗe bin yadda bishiyar ta girma. Ga harsashin ginin ba zurfi, sai wani gefe ya nutse ya bar wani. Ga kuma benen da ake turo shi gaba ya leƙo kan titi, nauyinsa yana danna bakin katakan da suka ɗauke shi. Gidan da ya fi suna a wannan, wanda ake kira Crooked House, wato karkataccen gida, an gina shi wajen 1395.

Abin da ya riƙe su shi ne haɗin. Ba ƙusa ce ta ɗaure ginshiƙan ba. Ana fafe rami a jikin katako ɗaya, a fiƙe bakin ɗayan ya shige, a huda su tare a buga turken ok. Ramin turken ma da gangan ake ɗan goce shi, don turken ya jawo katakan biyu su matse. Irin wannan haɗi yana lanƙwasa ba tare da ya ɓalle ba, shi ya sa gidan ke karkacewa gaba ɗayansa kamar kwando. Bangon da ke tsakanin katakan ba ya ɗaukar nauyi: tsumagu ne aka saƙa, aka yaɓe da laka da ciyawa da kashin shanu, aka shafe da farar ƙasa.

Babban abokin gabarsu ruwa ne. Katakon da ke kwance a ƙasa, wanda ginshiƙai ke tsaye a kansa, shi ke fara ruɓewa in an cike ƙasa ko titi ya hau kansa. Danshi kuma na kiran ƙwaron da ke cin itace daga ciki. Ɓarna mafi muni ta zo ne daga masu gyara da siminti da fentin da ba ya numfashi: simintin ya tsage, ruwa ya shiga, ya rasa hanyar fita. Duk wanda ya ga abin da filastar siminti ke yi wa ginin ƙasa ya san wannan ciwo. Gyaran kirki shi ne a tokare ginin, a yanke ruɓaɓɓen wurin kaɗai, a sa sabon ok, a mayar da yaɓen farar ƙasa. Ba a miƙar da gidan, don ja da ƙarfi na karya haɗin da ya daɗe da zama.

Talauci ne kuma ya bar mana su. A ƙarshen ƙarni na 16, masaƙan da suka yi hijira daga yankin Holan zuwa Colchester, wani gari kusa da Lavenham, suka kawo yadi mara nauyi mai araha, kasuwar Lavenham ta mutu. Babu mai kuɗin rushe gida ya gina na bulo irin na yayi. Yau gine-gine fiye da 300 a garin suna cikin rajistar gwamnati ta gine-ginen tarihi, kuma mai gida ba shi da ikon sauya ko da taga sai hukuma ta ba shi izini.