Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan na'urar ƙarar kunne

Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba mu lafiya. Da na kai inda ka ce kana tunanin sayar da filinka don ka sayi na'urar nan mai tsikarar jijiya, saboda ƙarar da kake ji a kunne alhali babu abin da ke ƙara a waje, sai da gabana ya faɗi. Don Allah ka dakata tukuna.

Na yi amfani da ita a nan Ingila. Lenire ce, ta kamfanin Neuromod na ƙasar Ayilan, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da ita a 2023. Kana sa abin sauraro a kunne, ka ɗora wani ɗan abu a kan harshe yana tsikararka da lantarki kaɗan-kaɗan, minti 30 sau biyu a rana, wajen mako 12. So ake ƙwaƙwalwa ta daina kasa kunne ga ƙarar. Tawa ƙarar tana nan, shuuu ɗin bai tafi ba, masu na'urar ma ba su ce zai tafi ba. Amma yanzu ina barci, kuma nakan wuni ban tuna da ita ba.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne likitan da na fara gani. Ko ɗago kai bai yi ba. Ina gaya masa na kasa barci, yana rubutu, wai in je in saba, ai ba ciwo ba ne. Ba ciwo ba! Daren nan a banɗaki na kwana zaune, na buɗe famfo don ƙarar ruwa ta danne ta kaina, ina kuka, babba da ni. Da asuba na kasa sanin raka'a nawa na yi. Maiɗakina tana tsaye a bakin ƙofa, ta rasa abin da za ta ce. Da mutumin nan ya tura ni gwajin ji kawai, da ban shiga wannan hali ba. Har yanzu in na tuna fuskarsa sai in ji zuciyata tana tafasa.

To kai an yi maka gwajin ji? Ka fara da shi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Da yawanmu jinmu ne ya ragu, na'urar ƙara ji kaɗai takan kawo sauƙi, kuma sau da yawa ba ta kai Lenire tsada ba. Mai farfaɗiya, ko mai batirin zuciya, ko mai gyambo a baki, ba a ba shi na'urar harshen nan. Ka kuma gaya wa likita duk maganin da kake sha, kwinin da allurar gentamicin suna taɓa kunne. Ka nisanci injin niƙa da lasifikar biki. Kada ka kwana a ɗaki shiru, ka bar fanka tana juyawa.

In ƙarar tana bugawa tare da bugun zuciyarka, ko a kunne ɗaya take, kada ka jira wata na'ura, ka je a duba ka cikin makon nan. Ba ka faɗa mana ba, kunne ɗaya ne ko duka biyun?