Amsa ga mai son ganin Babbar Ganuwar Sin

Assalamu alaikum. Alhaji, ka tambaya ko ya dace ɗan kasuwar da zai je Guangzhou sarin kaya ya ware lokaci don ganin Babbar Ganuwar Sin, da kuma ta inda ya fi kyau a hau. Na taɓa zuwa daga nan Kumasi, kuma shawarata ita ce ka je, amma kada ka zaci a bayan gari take. Daga Guangzhou zuwa Beijing tafiyar kusan awa takwas ce a jirgin ƙasa mai gudu, ko awa uku a jirgin sama, saboda haka ka ware kwana uku bayan ka gama loda kayanka.

Wurare biyu baƙi suka fi zuwa, Badaling da Mutianyu, kowanne kusan kilomita 70 daga Beijing. Badaling ya fi suna, sai dai cunkosonsa ya kan kai na kasuwar Kejetia ta Kumasi ranar jajiberin salla, musamman a makon farko na Oktoba da suke hutun ƙasa. Ni Mutianyu na zaɓa, ban kuwa yi da-na-sani ba.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne wahalar matakalar. Ganuwar a kan gadon duwatsu take bi, tana hawa tana gangarowa, kuma matakan ba daidai suke ba: wani bai wuce idon sawu ba, na gaba da shi ya kusa kai gwiwa. Na yi kuskuren zuwa da babbar riga da takalmi mai santsi, iska tana cika rigar ina tattare ta da hannu ɗaya, ɗayan yana dafe da bango, har wata tsohuwa mai sanda ta wuce ni tana murmushi. Akwai keken igiya mai kai mutum sama; dattijo kada ya ji kunyar shigarsa.

Da na zauna hutawa cikin wata hasumiyar tsaro ne na fahimci aikin, domin ta tagarta ana hango ta gaba, wadda masu gadi ke yi wa ishara da hayaƙi da rana, da wuta da dare. Wannan ɓangare na tubali ginin daular Ming ne, wadda ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644. Tsawon kilomita 21,196 da hukumomin Sin suka sanar a 2012 kuwa jimillar katangu ne da yawa na zamunna daban-daban, ba bango guda miƙaƙƙe ba kamar yadda ake faɗa a majalisa.

Ka riƙe fasfonka, domin da shi ake sayen tikiti. Ka yi guzurin ruwa da abinci daga unguwar Niujie ta Musulmin Beijing, inda tsohon masallacinsu yake, kuma idan tafiyar ta faɗo daga Nuwamba zuwa Maris, ka sayi rigar sanyi mai kauri a can, don wadda muke sawa lokacin hunturu a unguwar Aboabo ta Kumasi ba za ta yi maka komai ba.