Rangadin 'yan rawa da batun muhalli: kada a fara da cin bashi

Tambaya: Malam, ni ce manajar wata ƙungiyar rawa mai mutum 14. Tara 'yan rawa ne, sauran masu kula da fitilu, sauti da sutura. Kusan rabin shekara muna kan hanya, daga wannan gari zuwa wancan, wani lokaci har ƙetare. Yanzu masu ba mu tallafi da wasu zaurukan da ke gayyatarmu sun fara tambayar abin da muke yi don rage illar da tafiye-tafiyenmu ke yi wa muhalli. Abokin aikina ya ce mu ci bashi mu sayi sababbin fitilun LED, sannan mu riƙa biyan wani kamfani da ke dasa itatuwa a madadin hayaƙin da muke fitarwa. Ribar da muke samu ba ta taka kara ta karya ba. Ta ina zan fara ba tare da na durƙusar da ƙungiyar ba?

Amsa: Hajiya, ki dakatar da maganar bashin nan tukuna. Abokin aikinki da kyakkyawar niyya ya kawo shawarar, amma abubuwa biyun da ya zaɓa su ne suka fi cin kuɗi, kuma su ne ba za su taɓa tushen matsalar ba. Yawancin hayaƙin da ƙungiya irin taku ke fitarwa a hanya yake fita: jigilar mutane, dakon kaya da kwanan otal. Idan kika buɗe littafin lissafinku za ki tarar waɗannan ukun ne kuma ke lashe mafi yawan kuɗin rangadi bayan albashi. Wannan ya zame miki sa'a, domin duk kilomitar da kika rage, kin rage hayaƙi kin kuma rage kashe kuɗi, ba tare da kin zuba sabon jari ba.

Aikin farko na rasit ne. Ki tattaro duk takardun rangadin da ya wuce: litar man da motocinku suka sha, tikitocin jirgi, nauyin kayan da aka yi dakonsu da nisan da suka yi, da adadin kwanakin otal. Lita ɗaya ta dizal tana fitar da iskar kabon kimanin kilo 2.7 idan ta ƙone, ta fetur kuma kimanin kilo 2.3, don haka lissafin mota ko a bayan ambulan za ki iya yin sa. Na jirgin sama da otal kuwa, akwai ƙungiyar Julie's Bicycle da aka kafa a Landan a 2007, wadda ta tanadi manhajar lissafi musamman don masu harkar wasanni da fasaha. Tun 2012 hukumar da ke ba da tallafin fasaha a Ingila, wato Arts Council England, ta wajabta wa manyan ƙungiyoyin da take ɗaukar nauyinsu su riƙa kawo irin wannan rahoto, shi ya sa nake ganin tambayar da ake yi miki yanzu ba wucewa za ta yi ba. Idan kin gama tarawa, ki raba jimillar da yawan wasannin da kuka yi. Lambobi biyu za su fito: abin da kowane wasa ya ci na kuɗin hanya, da abin da ya fitar na hayaƙi. Su ne ma'auninki daga yau, kuma su ne za ki nuna wa mai tallafi.

Daga nan ki shimfiɗa taswira, ki ja layi a kan hanyar da kuka bi bara, gari bayan gari, yadda ranakun suka zo. Na tabbata za ki ga layin yana kai-komo, an je gabas an dawo yamma an sake komawa gabas, saboda kowane zaure ya ba da ranar da ta yi masa daidai, ku kuma kuka karɓa don kada kasuwa ta kuɓuce. A nan kuɗinku ke zurarewa. A ce babbar motar kayanku tana shan lita 30 a kowace kilomita 100. Idan gyaran jerin garuruwa ya rage muku kilomita 1,000, kin tsira da lita 300, wato kabon kusan kilo 800, ban da kuɗin direba, lalacewar taya da gajiyar mutane. Ba ki sayi komai ba, waya kawai kika buga.

Sai dai wayar ba ta da sauƙi kamar yadda na faɗe ta, kuma a nan nake so ki ba da ƙarfinki. Manyan zauruka suna tsara jadawalinsu shekara guda ko fiye kafin lokaci, saboda haka wanda ya zo a makare sai dai ya ɗauki ragowar ranaku. Ki riga su. Ki zaɓi yanki ɗaya, ki tuntuɓi zauruka uku ko huɗu da ke kusa da juna a lokaci guda, ki ce musu za ku kasance a yankin daga rana kaza zuwa rana kaza, kuma idan duk suka shiga, kuɗin kawo ku za a raba shi a tsakaninsu. Manajan zaure da ya ji cewa kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na kuɗin hanya kawai zai biya, zai motsa ranarsa da kansa.

Ki kuma duba takardun kwangilarku da kyau. Sau da yawa akwai sharaɗin da ke hana ƙungiya yin wasa a wani zaure da ke cikin tazara kaza, na tsawon watanni kaza, don kada a raba wa mai gayyata 'yan kallo. Wannan sharaɗin shi kaɗai yana iya tilasta muku zuwa yanki ɗaya sau biyu a shekara maimakon sau ɗaya. Ki nemi a rage tazarar ko a gajarta wa'adin. Idan zauren da ke tambayarki batun muhalli shi ne kuma ya kafe a kan wannan sharaɗi, ki nuna masa lissafin cikin ladabi, ki bar shi ya zaɓa.

Idan kun isa gari, ku daɗe. Wasa biyu ko uku a zaure ɗaya, da horon yini guda ga makarantu ko matasan 'yan rawa wanda za a biya ku, ya fi wasa ɗaya a tattara a wuce. Kuɗin zuwa ɗaya ne, kafa dandamali sau ɗaya ne, amma hanyar shigar kuɗi ta ƙaru.

Gayyatar da ta fi kowace lahani ita ce ta dare ɗaya a ƙasa mai nisa: mutum 14 su hau jirgi, a loda kaya a jirgi, a yi wasan awa ɗaya da rabi, a juyo. Irin wannan gayyata tana da daɗin faɗa, sunan bikin yana ƙara wa ƙungiya kwarjini, amma idan kika cire tikiti, biza, inshora da kwanakin da aka ɓata, sau da yawa abin da ya rage bai kai na wasa biyu a kusa ba. Hayaƙinta kuwa yana iya zarce na makonni da dama na tafiyar mota. Ki kafa wa kanki ƙa'ida a rubuce: ba za ku yi doguwar tafiyar jirgi ba sai an haɗa muku wasanni aƙalla kaza a wannan yankin. Ke za ki yanke adadin daga lissafinki. Idan mai gayyata ba zai iya taimakawa a samo ƙarin wurare ba, ki ba shi haƙuri zuwa wata shekarar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Za ki ji ana ambaton Jérôme Bel, mai tsara rawa ɗan Faransa, wanda tun 2019 ya daina hawa jirgin sama don aikinsa, shi da ƙungiyarsa. Idan ana son aikinsa a wata nahiya, 'yan rawar can ake koya wa, yana bin atisayen ta bidiyo. Dabarar tana da kyau, kuma ta fuskar kasuwanci tana buɗe wata ƙofa: ki sayar da izinin yin rawar da kuka ƙirƙira, ki tura mutum ɗaya ko biyu su koyar, maimakon ki kwashi kowa. Amma ba na ba ki shawarar ki kwaikwaye shi gaba ɗaya. Shi ya riga ya yi suna kafin ya ɗauki matakin, kuma yana zaune a nahiyar da jirgin ƙasa ya haɗa manyan biranenta. A ƙasarsa ma tun 2023 doka ta hana wasu gajerun tafiye-tafiyen jirgin sama na cikin gida inda jirgin ƙasa zai kai mutum cikin ƙasa da awa biyu da rabi. Masu fasaha daga wasu sassan duniya sun fito sun ce masa abin da ya yiwu gare shi ba zai yiwu ga wanda abincinsa ya dogara da ƙetare teku ba, kuma ina ganin suna da gaskiya.

Inda akwai jirgin ƙasa ko bas mai kyau, ku bi shi, amma ki yi lissafin da gaskiya. Jikin ɗan rawa shi ne jarinku. Wanda ya yi awa goma a zaune ba zai hau dandamali a daren ba tare da haɗarin rauni ba, don haka tafiyar ƙasa takan jawo ƙarin ranar hutu, da albashinta, alawus ɗinta da kuɗin masaukinta. Wani lokaci wannan ya fi tikitin jirgi tsada. Kada ki haɗiye bambancin a ribarki. Ki rubuta shi a matsayin layi na musamman a kasafin da kike miƙa wa mai tallafi ko mai gayyata, ki ce ga kuɗin tafiya mai ƙarancin hayaƙi. Wanda ya nemi a yi, ya dace ya sa hannu a biya.

Kaya kuma tun daga ranar da ake ƙirƙirar sabuwar rawa ake yanke hukuncinsu. Ki gaya wa mai tsara kayan dandamali girman motar da kuke da ita kafin ya fara zane, ki ce duk abin da ba zai shiga ba, ba ya cikin wasan. Shimfiɗar rawa ta roba tana da nauyi ƙwarai, kuma zauruka da yawa da suka saba karɓar 'yan rawa suna da tasu. Ki sa ta cikin jerin abubuwan da kuke buƙata daga zaure, tare da bayanin irin wadda ba za ta cutar da gwiwa ba, ki tabbatar kafin ku tashi. Idan dole kaya su ƙetare teku, jirgin ruwa ya fi jirgin sama arha nesa ba kusa ba, hayaƙinsa a kan kowane tan kuma ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta, illa dai yana son a shirya makonni kafin lokaci. A Birtaniya masu harkar wasan dandamali sun fitar da wani kundin ƙa'idoji a 2021 mai suna Theatre Green Book, wanda matakinsa na farko ya nemi rabin kayan da aka yi amfani da su a wasa su kasance waɗanda aka taɓa amfani da su, kashi 65 cikin ɗari kuma su sake samun amfani bayan an gama. Wannan ma'auni ne mai sauƙin bi, kuma yana rage kuɗin katako da yadi.

Yanzu ga fitilun. Gaskiya ne LED tana shan wuta ƙasa da tsofaffin fitilu da kusan kashi uku cikin huɗu. Tambayar ɗan kasuwa ita ce: wa ke biyan kuɗin wutar? A yawancin kwangiloli zaure ne ke biya. Ke nan ke za ki ɗauki bashi da kuɗin ruwansa, zaure ya ci ribar ragin, sannan ki ƙara wa motarki lodi. Abin da ya fi shi ne mai fitilunku ya tsara hasken wasan yadda zai yiwu da fitilun da zauruka suka riga suka mallaka, 'yan kaɗan na musamman kuma ku ɗauko haya. Lissafin yana sauyawa ne kawai idan kuna yawan wasa a fili inda ku ke sayen man janareta. A nan ki kwatanta litar da za a rage a shekara da abin da za ki riƙa biya na bashin, idan bai biya kansa cikin shekara biyu zuwa uku ba, ki bar shi.

Biyan kamfani ya dasa itatuwa a madadinku shi na sa a ƙarshen layi. A Janairun 2023 jaridar Guardian ta Birtaniya da Die Zeit ta Jamus suka wallafa binciken da ya ce fiye da kashi 90 cikin ɗari na takardun kare dazuzzuka (waɗanda ake sayar wa mutane a madadin hayaƙin da suka fitar) da babbar hukumar tantance su, Verra, ta amince da su ba su wakilci ragin hayaƙi na gaske ba. Hukumar ta musanta, amma kasuwar ta girgiza, kuma masu tallafi da yawa yanzu sun fi son ganin abin da aka rage da hannu. Idan kika buga a takardar talla cewa rangadinku ba ya fitar da hayaƙi alhali takarda kawai kika saya, sunan ƙungiyar kika jefa cikin haɗari.

Akwai kuma tafiyar 'yan kallo, wadda a wasanni da yawa ta fi ta masu wasan kansu yawan hayaƙi. Ba a hannunki take ba, amma kina iya roƙon zaure ya sa lokacin tashi kafin motocin haya na ƙarshe su daina aiki, a kuma rubuta hanyar zuwa a jikin tikiti.

Ga mai tallafin, shafi ɗaya ya isa: lambobin bara guda biyu, abin da kuke son su koma a rangadi mai zuwa, matakai uku da za ku ɗauka (gyaran jerin garuruwa, ƙa'idar doguwar tafiya, rage lodi), da kuɗin ƙarin ranakun hutu da kuke neman ya ɗauka. Abokin aikinki kuma ki ba shi aikin tattara rasit ɗin da kansa, ku ajiye maganar fitilun zuwa ƙarshen rangadi, lokacin da za ku san ko nawa ne ainihin man janaretan da ke fita daga aljihunku.