Mitar ma tana cikin lissafin

Ɗana, tambaya biyu ka yi mini jiya bayan la'asar. Ka jera rizisto biyu, wato ƙananan kayan da ke turje wa wuta, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, masu turjiyar om miliyan ɗaya ɗaya, ka ba su wutar bolt 10, ka auna tsakiya da mita mai allura, sai ta nuna 1.4 maimakon 5, rabin wutar. Sannan ka ce wannan limit da ake koya muku a foliteknik, inda x ke ta girma ba tsayawa, ina amfaninsa a shago? Amsar biyun guda ce.

Ɗauko rizisto mai om 100, ka haɗa masa wani a gefe, ƙafa da ƙafa, abin da muke cewa faralel. Wuta ta samu hanya biyu ke nan, dole turjiyar ta ragu. Lissafin shi ne 100x/(100 + x), x ɗin shi ne na biyun. In x om 100 ne, 50 za ka samu. In 1,000 ne, kusan 91. In 10,000 ne, 99 da ɗan ɗigo. Kai shi miliyan, ka samu 99.99. Kullum amsar tana matsowa kusa da 100, amma ba ta cika, ba ta kuma wucewa. Wannan 100 ɗin shi ne limit ɗin da malaminku yake nufi.

Ba sai ka yi ta gwada lambobi ba. Raba sama da ƙasa da x, sai ya koma 100/(100/x + 1). Naira ɗari ce ake raba wa mutanen gari: iya yawansu, iya ƙanƙantar rabon kowa. Haka 100/x ke narkewa, ya bar 100 bisa 1.

To ita mita, duk sanda ka ɗora wayoyinta a kan rizisto, ta zama x ɗin nan. Mai allurar da ke shagonmu om 20,000 take da shi a kowane bolt, a ma'aunin 10 ke nan tana da 200,000. Ka haɗa wannan faralel da miliyan ɗayan rizisto na ƙasa, ya faɗo kusan 167,000. Rizisto na sama ya cinye yawancin wutar, na ƙasa ya tsira da 1.4. Ba abin da ya lalace, kai ne ka canja haɗin da hannunka. Na ga yara da yawa sun cire kayan da lafiyarsu ƙalau saboda wannan, abin yana damuna, don kuɗin mai kaya ne ke tafiya.

Mita mai nuna lamba maimakon allura, galibinsu om miliyan 10 ne. Da ita za ka ga kusan 4.76. Ta matso sosai, amma ita ma ba ta kai 5 ba, don miliyan 10 kusa da miliyan ɗaya bai isa a kira shi marar iyaka ba. Kusa da om 100 kuwa ya isa har ya yi yawa. Girman x da abin da yake gefensa ake auna shi.

Kada ka raina mai allura, ina son ta wajen ganin wuta tana hawa da sauka. Gobe da safe ka maimaita awon, amma ka murɗa ta zuwa ma'aunin 50, inda turjiyarta ta zama miliyan ɗaya. Yi lissafin a takarda tukuna kafin ka taɓa waya. In ka yi daidai, allurar za ta tsaya wajen 3.3.