Amsa ga mai tambaya kan sa hannu a takardar kamfanin faifai

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka tun da hantsi, na ajiye waya, ban iya amsawa ba sai yanzu bayan la'asar, domin abin da ka rubuta ya tayar mini da tsohon miki. Ka ce wani mai ƙaramin kamfanin faifai a Turai ya ji waƙoƙinka na jita, ya yi maka alkawarin ɗaukar kundi da zagayen wasa a ƙasarsu, ya turo takarda yana so ka sa hannu kafin ƙarshen wata, kana neman shawara ko ka sa ko ka ci gaba da tafiyarka kai kaɗai. Ba zan ce maka kada ka sa ba, amma ka ji yadda tawa ta kasance tukuna.

A 2014 ne, lokacin da kundin Bombino, mai jitan nan Buzu na Agadas, na 2013 ya sa Turawa suka riƙa sauka Yamai da Agadas suna neman masu jita kamar yadda samarinmu suka riƙa kwarara Jado neman zinariya. Ni a lokacin kiɗan biki nake yi tsakanin Damagaram da Yamai, ina ɗora bugun gurmi a kan jita, waƙar kuma da Hausa. Wani mutum da ba zan ambaci sunansa ba ya ji ni a wani biki, ya ce wannan shi ne ainihin blues, wato kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, ya ɗauki waƙoƙina tara cikin kwana uku a wani ɗakin haya da ya toshe tagoginsa da katifu. Rana ta huɗu ya kira ni otal ɗinsa a bakin kogi, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi, ya miƙo takarda shafi 14 da Faransanci, ya ɗora kuɗi jaka ɗari uku na sefa a kanta. Faransancina na kasuwa ne da na tashar mota, kuma kunya ta hana ni cewa ban fahimta ba, ga shi yana ta kirana ɗan'uwansa. Na sa hannu a kowane shafi da biron da ya ba ni.

Zagayen ya tabbata, wannan ba zan yi masa ƙarya ba. A kakar 2015 mun yi wasa 17 a Faransa da Beljiyam da Suwizalan cikin wata motar haya mai wari, kuma tun daren farko ya kawo mini shuɗin rawani ya ce in naɗa irin na Buzaye, domin wai shi masu sayen tikiti suke son gani. Na gaya masa ni Badamagare ne, hula nake sawa, 'yan'uwanmu Buzaye kuma suna da kiɗansu da tarihinsu wanda bai kamata in ara in yafa ba. Ya yi dariya ya ce a can ba wanda ya san bambanci. Na naɗa. Har yau idan na ga hotunan nan sai in ji kamar in nutse.

Daren ƙarshe shi ne wanda ba ya barina. Bayan wasa, a filin ajiye motoci, ana yayyafi mai sanyin da ke shiga ƙashi, ya buɗe kwamfutarsa a kan bonet ɗin motar ya ce mu yi lissafi. Tikitin jirgi, biza, inshora, man mota, kuɗin hanya, ɗakunan kwana, hayar lasifika, har igiyoyin jita guda uku da suka tsinke mini a hanya, duk ya jera su a gefena, sannan ya haɗa da jaka ɗari ukun nan da na ɗauka kyauta ce, ashe bashi ne da ake cirewa daga rabona. Da ya ja layi a ƙasa sai ya zama ni ne ake bi. Ya rufe kwamfuta, ya zaro ambulan mai Yuro 200 a ciki, ya ce wannan daga aljihunsa ne saboda zumunci, ya dafa mini kafaɗa. Yatsuna sun daskare har na kasa buɗe ambulan ɗin, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na ce masa na gode. Na yi wata biyu ina waƙa har muryata ta dishe, mutane suna tashi tsaye suna tafi, na bar matata da ciki, kuma na tsaya cikin ruwa ina yi wa mutumin nan godiya. Da na dawo gida 'yan unguwa suka cika zaure suna jiran tsarabar Turai, na rasa ta inda zan fara bayani.

Amma asarar gaske sai bayan shekara biyu na gano ta, lokacin da wani ɗalibi ya karanta mini takardar layi-layi. A shafi na tara na sallama masa mallakar sautin da aka ɗauka, a na goma sha ɗaya kuma na sallama masa waƙoƙin kansu, wato kalmomi da karin, ba tare da wa'adi ba. Cikinsu akwai wadda na yi wa mahaifiyata bayan rasuwarta. A takarda, idan zan sake ɗaukar wannan waƙar in sayar, sai na nemi izininsa.

Saboda haka ka riƙe wannan ko da za ka manta da sauran surutuna: abubuwa biyu ne daban, sautin da aka ɗauka da kuma waƙar da ka tsara. Wanda ya biya kuɗin sutudiyo yana da hujjar neman rabo a sautin, amma a ba shi na shekaru ƙayyadaddu, biyar ko bakwai, bayan haka ya dawo hannunka. Waƙar kuwa taka ce, kada ka sallama ta a takarda ɗaya da ta faifai. Idan takardar da Faransanci take, nemi kalmomin cession (sallama haƙƙi) da édition (haƙƙin waƙar kanta), ka tsaya a kansu. Kuma ka je ofishin haƙƙin mallaka, BNDA idan a Nijar kake, ka yi rajistar waƙoƙinka da sunanka kafin kowa ya ɗauke su, domin a Faransa masu ɗakin wasa suna biyan SACEM, ƙungiyar da ke karɓar wa masu tsara waƙa haƙƙinsu a can, kuɗin waƙoƙin da aka rera, kuma kuɗin yana bin sunan da ke rubuce ne. Ni wasa 17 ɗin nan ko sisi ban gani ba ta wannan hanyar.

Wannan cuta ba a kanmu ta fara ba. Arthur Crudup, baƙar fatar Misisipi wanda Elvis Presley ya rera waƙarsa a faifansa na farko a 1954, ya rasu a 1974 yana talaka, yana ta bin haƙƙinsa. Willie Dixon da Muddy Waters, manyan mawaƙan blues na Amurka, sai da suka je kotu kan kuɗin waƙoƙinsu. Da na san wannan tarihin a lokacin, da na ƙara wa kaina mako guda kafin in taɓa biro.

Kada kuma ka ɗauka ina cewa duk wanda ya zo daga waje macuci ne. Mdou Moctar, shi ma mai jita Buzu ɗan Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta katin memori, har Christopher Kirkley, Ba'amurke mai kamfanin faifai na Sahel Sounds, ya ji ɗaya ya bi sawunsa ya nemo shi, kuma ga inda ya kai yau. Yadda za ka gane mutum shi ne ka ce masa kana son wata guda ka kai takardar wurin lauya, kuma kana son ka yi magana da mawaƙa biyu da ya taɓa aiki da su. Mai gaskiya zai ba ka lambobinsu nan take. Wannan gaggawar ta ƙarshen wata da ka ambata ita ce ba ta kwanta mini ba.

Tafiyar kai kaɗai ma tana da wuya, kada wani ya ruɗe ka. Spotify, manhajar sauraron waƙoƙi, abin da yake biya kan kowane sauraro bai kai santi ɗaya na dala ba, kuma tun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1000 a shekara ba, ba ta samun komai. Bandcamp, shafin da mawaƙi ke sayar da waƙarsa kai tsaye, ya fi mini amfani, domin kashi 15 cikin ɗari yake cirewa, mutum ashirin da suka saya sun fi mini dubban da suka saurara, sai dai fitar da kuɗin zuwa gida yana buƙatar amintacce a waje, wanda shi ma wani ciwon kai ne. Har yanzu biki ne ke ciyar da gidana, kuma ban ƙara jin kunyarsa ba. Idan ka tafi zagayen, ka sa a rubuta kuɗin da za ka karɓa kowane dare a hannu ba tare da an cire komai ba, ka riƙe fasfonka da tikitin dawowa a jikinka, ka tafi da igiyoyin jitarka daga gida. Ka tuna ko ƙungiyar Mdou da girmanta ta maƙale a Amurka lokacin juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai da masoya suka tara musu kuɗin zama.

Ka ɗauki hoton shafukan duka, har da ƙananan rubutun ƙasa, ka turo mini ta saƙon sirri. Ɗalibin nan da ya karanta mini tawa yanzu lauya ne, zan roƙe shi ya duba maka, ni kuma ina nan bayan sallar isha'i idan kana son mu yi magana.