Mawaƙin da ya sassaƙa wa waƙarsa bango

Tambaya: Malam, na ga wani zane baƙi da fari na mutanen karkarar Barazil, a ƙasansa an rubuta J. Borges. An ce mawaƙi ne da bai yi zurfi a boko ba. Yaya aka yi ya haɗa waƙa da zane?

Amsa: Ɗan'uwa, rashin kuɗi ne ya haɗa masa su. Cikakken sunansa José Francisco Borges, an haife shi a 1935 a Bezerros, jihar Pernambuco, arewa maso gabashin Barazil, yankin da fari ya addaba. Da noma ya tashi, zamansa a aji bai kai shekara guda ba. Ya taɓa kafinta, ya taɓa gini, kafin ya shiga tallan ƙananan littattafan waƙa da ake kira cordel, wato igiya, don a kanta ake rataya su a kasuwa.

Sai ka san wannan sana'a kafin ka fahimce shi. Baitin da aka fi yi ɗango shida ne, kowane ɗango gaɓa bakwai, amsa-amo a na biyu da na huɗu da na shida. Mai talla yakan rera labarin da ƙarfi, in ya kai inda ya fi daɗi ya yi shiru, mai son jin ƙarshe ya sa hannu a aljihu. Masu sauraro manoma ne da makiyaya, shi ya sa ake rubutawa da karin harshensu. Raina yana ɓaci in na ji ana kiran wannan gurɓataccen Fotugis, wato harshen Barazil, alhali da gangan mawaƙin ya zaɓe shi.

A 1964 Borges ya fitar da littafin waƙarsa na farko, wani mai zane, Mestre Dila, ya yi masa hoton bango. Da na biyu ya zo ba shi da abin biyan mai zane, sai ya ɗauki katako da wuƙa ya sassaƙa da kansa. Ana sassaƙa hoton a juye ne, har da haruffa, a shafa tawada, a danna takarda. Daga nan ya cika takardu da tsuntsaye, makaɗa, da iyalan da fari ya kora ɗauke da kayansu a ka.

Marubuci Ariano Suassuna ya yaba shi, masu tara zane suka fara nemansa, a 1993 kuma hotunansa suka fito a wani littafin Eduardo Galeano, marubucin ƙasar Uruguay. A Bezerros ya ci gaba da zama, can ya koya wa 'ya'yansa sassaƙa, can ya rasu a Yulin 2024 yana da shekara 88.