Siminti ko kayan kariya: me mai komawa gida zai fara saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun bar gidanmu na Omdurman a ƙasar Sudan tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, muka zauna wurin dangi a garin Maiwurno na jihar Sennar. Yanzu zan koma in gyara, kuma kuɗin hannuna kaɗan ne. In fara da siminti da kwanon rufi, ko da kayan kariya?

Amsa: Wa alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Siminti ya jira tukuna.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba na saye ba ne. Unguwannin da aka yi faɗa cike suke da harsasai da gurneti da rokokin da ba su fashe ba, wasu a ƙarƙashin ɓaraguzai, wasu a bisa rufi. Duk ƙarfen da ba ka gane ba, kada ka taɓa, kada ka ture shi da shebur. Yi wa wurin alama, ka sanar da hukumar cire nakiyoyi ta ƙasa ko 'yan sanda. Kada kuma ka tara shara ka cinna mata wuta, domin zafi kaɗai ya isa ya tayar da su. Yara su zauna a Maiwurno har ka gama, su ne masu tsintar abin da ya yi kama da abin wasa.

Daga nan sai saye. Takalmi mai kaurin ƙasa shi ne farko, saboda ƙusa da fasasshen gilashi. Silifa ba ta aikin nan. Sai safar hannu ta fata, da takunkumin N95, don na tsumma ba ya tare ƙura mai laushi. Ka biya asibiti a yi maka allurar tetanus kafin ka fara. In bangon na jalus ne, wato ginin laka, kuma ya sha damina biyu ba yaɓe, nemo magini ya duba kafin kowa ya kwana a ɗakin.

Tambaya daga wata mai komawa gida: Ruwan tankinmu ya daɗe a ajiye. Kulorin ya isa, ko sai na sayi matatar ruwa?

Amsa: Hajiya, zubar da shi, ki wanke tankin. Kwalara ta yi ɓarna sosai a jihar Khartum, inda Omdurman take, a 2025, kuma matata mai araha ba ta kashe ƙwayar cutar. Ki sayi ƙwayar kulorin ta ruwan sha, ki jira minti 30 bayan kin jefa, ko ki tafasa. Kada ki haɗa kulorin da ruwan wanke bayan gida, iskar da ke tashi tana ƙona huhu.